Maɗacin Ƙofar Gidanmu

Ranar da na dawo gidanmu na Nassarawa da zama, tun kafin in shiga in gaida mahaifiyata na fara faɗa. Na sauko daga mota ke nan idona ya sauka a kan maɗacin da ke ƙofar gida, na ga an feɗe shi kamar ragon layya. Daga daidai gwiwata har iya inda hannun dogon mutum zai kai, babu ɓawo, sai jan itace a fili, ƙaro yana tsattsafowa. Na tsaya riƙe da jaka ina ta sababi, maigadi yana kallona, shi bai san ni ba, ni ban san shi ba. Dama tun ina yarinya an san ni da saurin hawa, girma kuma bai rage komai ba.

A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, yara duk sun kama gabansu, ga mahaifiyata Hajiya ciwon ƙafa ya matsa mata. 'Yan'uwa suka ce zaman me nake yi ni kaɗai a wani gari, in dawo in kula da ita. Aikina haɗa magunguna ne a asibiti, don haka na nemi canjin wurin aiki, na tattaro nawa ya nawa na dawo.

Maɗacin nan ya girmi duk wanda ke gidan. Tun zamanin Turawa aka jera irinsa a bakin titunan unguwar, muna yara sai ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Yanzu an sayar da gidaje da yawa, an rushe, an yi otal-otal da ofisoshi da shaguna, duk wanda ya zo kuma bishiya yake fara kayarwa don a ga gininsa. A layinmu namu ne kaɗai ya rage. Mai kula da lambunmu, wani tsoho daga ƙasar Jigawa da ya zo gidan tun kafin a haife ni, wanda dukanmu muke kira Baba, ba ya yarda a ce Bature ne ya dasa. Yakan ce Bature da sanda kawai ya nuna, amma mahaifinsa na cikin waɗanda aka kamo aikin tilas suka haƙa ramuka, suka yi ta jigilar ruwa a ka har itatuwan suka kama. Idan ya faɗi haka sai ya dafa gindin maɗacin kamar yana gaida ɗan'uwa.

Da yammar ranar ina matsa wa Hajiya ƙafa ta ce, "Kin ga maɗacin?"

Na ce na gani.

Ta ce, "A inuwarsa aka sallaci mahaifinku. Ina zaune a nan, ta wannan tagar na ji kabbara huɗu. Sahu bakwai aka yi, babu wanda rana ta taɓa." Sannan ta ce, "Ni ma a nan nake so a sallace ni. Ban taɓa roƙonku komai ba, wannan na roƙa."

Na ce, "Haba Hajiya, wace irin magana ce wannan?"

Ta ce, "Maganar da ke jiran kowa ce. Ke dai ki ji abin da na ce."

Na ji. Washegari na sa Baba ya zagaya da ni gindin bishiyar. Ya kai ni ta bayanta, wajen da ke kallon katanga, inda sai ka karkace jiki kafin ka shiga. A nan ne kawai ɓawon ya rage a haɗe daga ƙasa zuwa sama. Ya ware babban yatsansa da na tsakiya ya ɗora, suka rufe shi daidai.

Ya ce, "Taƙi ɗaya, uwar ɗakina. Ta nan yake ci, ta nan yake sha. Ranar da sara ya zagayo ya haɗe, to a tsaye zai mutu. Ba ranar za ki gani ba, sai bayan damina ɗaya ko biyu."

Na tambaye shi su waye suke wannan ta'asa. Ya ce masu neman magani ne. Kowa ya san sassaƙen maɗaci, ana jiƙa shi a sha don ciwon ciki da zazzaɓi da shawara, mata kuma suna shafa ruwansa a nono idan za su yaye yaro, ɗacin ya kore shi. Tunda an kayar da sauran, duk jama'ar da ke zagaye da mu, daga Kawaji har Kaura Goje, namu suka sani. Ni kuwa da na shekara ashirin ina ƙirga ƙwayoyi a bayan kantar asibiti, raina ya ƙara ɓaci. A ganina ga mutane suna kashe bishiya don su sha abin da ba su san ma'auninsa ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kira masu walda, na sa aka naɗe gindin da waya mai ƙaya tun daga ƙasa har sama da tsayin mutum, na sa aka rubuta allo da jan fenti cewa an hana. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina. Baba ya zo ya duba, ya duba, sannan ya ce, "To, Allah ya sa a dace." Wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da wannan addu'a take nufi, amma ni a ranar yabo na ɗauke ta.

Ashe garin neman gira zan rasa ido. Mutane ba su daina zuwa ba, sauri kawai suka ƙara. Da can mai sara yakan tsaya ya zaɓi wuri, yanzu kuwa zura adda yake yi ta tsakanin waya ya fizgo abin da ya samu ya gudu. Kuma ina ɓawo ya rage? Sai ta bayan nan. Cikin wata biyu taƙin Baba ya koma yatsu huɗu. Kullum Hajiya sai ta tambaye ni, "Ya maɗacin?" in ce yana nan lafiya, in kawar da kai. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar abu ɗaya tak da ta roƙa zai lalace a hannuna.

Na ƙudura sai na kama mutum ɗaya na yi masa wankin babban bargo. Wata safiya bayan na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na ja kujera na zauna a bayan ƙofa. Ban daɗe ba na ji ƙarar waya, sai kuma na ji an ce "Wash!" Na banko ƙofar na fito da bakina cike da magana.

Mace ce, yarinya ma, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, da goyo a bayanta. Wuƙar kicin ce a hannunta ɗaya, ɗaya hannun kuma waya ta yage shi daga tafi har wuyan hannu, jini na ɗiga a kan hijabinta. Duk da haka sai da na fara.

"Baiwar Allah, ba ki iya karatu ba ne? Ba ki ga allo ba?"

Ta ce, "Na gani, Hajiya. Ki yi haƙuri. Ɗan kaɗan nake so, yaye zan yi."

"Yaye? Duk maɗacin duniya sai na ƙofar gidan mutane?"

Ta sunkuyar da kai. "Daga Kaura Goje na taho. Innarmu ce ta ce in zo nan, da na nan ta yaye mu duka. Ta ce in na zo in yi sallama, akwai wani tsoho da zai fito ya yankar min. Jiya na yi sallamar, maigadi ya ce in bar wurin."

Yaron ya leƙo ta kafaɗarta yana kallona, jini kuma bai tsaya ba. Na kama hannun na ja ta cikin gida. A falon Hajiya na wanke ciwon, na ɗaure, na ce lallai ta biya asibiti a yi mata allura. Hajiya tana kan darduma tana kallonmu, ta tambayi yarinyar wace ce innarta, a wane layi suke, har dai ta gano matar, wai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ce da takan kawo mata tsaraba. Sannan ta aika a kira Baba.

A nan na ji abin da ya faru a ƙofar gidanmu shekara da shekaru ban sani ba. Ina tuna ganin mutane suna tsayawa da safe, amma na ɗauka masu neman taimako ne, irin na gidan kowane ma'aikaci. Ashe mahaifina doka ya kafa. Duk mai son maɗaci ya yi sallama, Baba ya fito da gizagonsa ya yankar masa kamar faɗin tafin hannu, rabi daga gabas, rabi daga yamma, yadda masu magani suke so. Ba ya taɓa yankan wuri biyu a jere, ba ya zurfafawa. Yana gamawa sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya liƙe wurin, ba zai sake komawa kansa ba sai ya warke. Haka aka yi shekara talatin da wani abu ana ɗiba, bishiya ba ta ko girgiza ba. Da mahaifina ya rasu, shekara shida kafin dawowata, yayanmu ya ɗaga katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ɗauko masu gadi daga kamfani, aka ce musu kada su saurari kowa. Don tsaron Hajiya ya yi, babu mugun nufi. Amma tun daga ranar sallama ta daina shigowa, mutane suka koma yi wa kansu.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya ce, "Kin tambaye ni su waye suke yi. Ba ki tambaye ni yadda ake yi ba."

Hajiya ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke ma fa da shi na yaye ki. Kwana uku kina tsala ihu, unguwa ba ta yi barci ba. Tun daga nan ban ga kin huce ba." Yarinyar ta rufe baki da gefen hijabi. Ni dai kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da dariyar ta lafa Hajiya ta ce, "Alhaji bai taɓa cewa bishiyata ba. Cewa yake yi malamai sun faɗa, wanda ya dasa itace, duk abin da aka amfana da shi, ko mutum ko tsuntsu, kai ko sata aka yi, sadaka ce gare shi. Ya ce shi bai dasa ba, gadi kawai aka ba shi, ba zai tsaya tsakanin mamaci da ladansa ba."

Na ce, "To ladan na wa ne? Na Baturen?"

Baba ya ce, "Wannan sai Mai rabawa. Ni dai na san wanda ya ɗauko ruwa."

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi, don gindin ba shi da sauran abin bayarwa. Baba ya fita da ni ya nuna min sama. Akwai wani reshe da ya kwanto kan katanga ta gabas har ya fara tsaga ta, akwai wani ta yamma da ke gogar wayar lantarki. Ya ce ɗacin reshe da na gindi duk ɗaya ne, kuma rage masa kaya ma taimako ne a halin da yake ciki. Na ce mutane za su yarda? Ai gabas da yamma suke nema. Ya ce, "Wannan reshen ina yake kallo? Wancan fa?" Muka sa aka sare su biyun. Baba ya zauna kwana huɗu yana ɓare ɓawon, ya shanya a inuwa, sannan ya riƙa ɗaure su bibbiyu da zare, ɗaya na gabas, ɗaya na yamma. Aka cika babban kwando, aka ajiye a bakin ƙofa.

Cire wayar ne ya fi yi min wuya. Da hannuna na riƙe wa mai walda tsani, amma ina ganin yatsu huɗun nan a fili babu abin da ya kare su. Na kira maigadi na ce daga yau duk wanda ya yi sallama a amsa masa. Sannan Baba ya kwaɓa lakarsa, ya ce in zo in koya, shi ba zai dawwama ba. Na ɗauko safar hannu ta asibiti zan sa. Ya dube ni ya ce, "Uwar ɗakina, tiyata za ki yi masa?" Na cire. Ranar na san ɗumin kashin shanu a tafin hannuna, kuma ban mutu ba. Muka liƙe gefen ɓawon da ya rage da duk bakin ciwon, tun daga ƙasa har sama.

Kwana tara da cire waya na fito da safe na tarar an ɓantare lakar, an yanki ɓawon. Yatsu huɗu sun koma uku. Ga kwando a cike a gefe, mutumin ko kallonsa bai yi ba. Na zauna a kan dakalin maigadi na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina takaba. Na shiga na gaya wa Hajiya gaskiya a karon farko, na ce yau zan mayar da waya.

Ta ce, "Waya ta ci miki nawa?"

Na ce fiye da rabi.

"Sallama fa?"

Na ce yatsa ɗaya.

Ta ce, "To ke ce mai ilimin awo. Bar shi. Shekara shida ana korar mutane, kina so su dawo cikin kwana tara?"

Na bar shi, ba don zuciyata ta yarda ba. Baba ya sake kwaɓa laka, muka sake liƙewa.

Yarinyar nan ta Kaura Goje ita ta yi mana rabin aikin. Bayan mako biyu ta dawo nuna min hannunta, ta zo da mata uku, kowace ta yi sallama ta karɓi ɗaurinta. Su suka kai labari. Masu adaidaita sahu da ke hutawa a inuwar da rana su ma suka shiga ciki ba tare da an sa su ba, in suka ga mutum ya nufi gindin da ƙarfe sai su ce, "Malam, ga kwando can, kyauta ne." Ni kuma na samu wurin zuba nawa ilimin. Idan ina gida nakan fito in ce kada a cika masa ƙarfi, mai ciki kada ta sha, wanda idonsa ya yi rawaya ya tafi asibiti tukuna. Abin mamaki, mutanen da ba sa sauraron wannan magana a bayan kantar asibiti suna sauraronta a gindin bishiya, tunda ba hana su na yi ba.

Bazarar shekarar ta yi mana tsawo. Maɗacin ya zubar da ganye fiye da yadda ya saba, wani babban reshe ta kudu ya bushe ƙayau, dole aka sauke shi, shi ma ɓawonsa ya tafi kwando. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na ɗaga kai. Baba ya ce in daina, kallo ba ya sa tukunya ta tafasa. Sai bayan ruwa na biyu, wata ranar Laraba, na ga rassan sama sun yi ja-ja da sabon toho. Na kira Baba da ƙarfi har maigadi ya zabura. Ya zo a hankali, bai ko kalli saman ba. Ya sa farce ya ɓantare laka kaɗan ta bayan gindin, ya kama yatsana ya ɗora. Gefen ɓawon ya kumburo ya yi leɓe mai santsi, yana miƙowa kan itacen da ke tsirara.

Ya ce, "Ya fara ɗinki."

Daminar bana ce ta uku. Yatsu uku sun koma taƙi, har da ɗoriya, kodayake ta gaba har yanzu ciwon a buɗe yake, kuma Baba ya ce wataƙila ba zai taɓa rufewa duka ba. Duk shekara muna rage reshe biyu a cika kwando. 'Ya'yan da suka faɗo Baba yana tsirar da su a ledar ruwa, wanda ya karɓi ɗauri in yana da wuri a ba shi ɗaya. Wanda yarinyar Kaura Goje ta dasa an ce ya kai ƙugun mutum, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Hajiya ta ce in tura ta a kekenta zuwa ƙofar gida. Ta daɗe ba ta fita ba. Muna isa wani dattijo ya tsaya da kekensa ya yi sallama, ya ce ko a nan ne ake ba da maɗaci. Kafin maigadi ya buɗe baki ta amsa masa da kanta, ta ce a ba shi ɗauri biyu. Da ya tafi na ga tana share ido da bakin mayafi, na yi kamar ban gani ba.

Sannan ta ce in matsa da ita bakin titi. Ta daɗe tana kallon ƙasa, ba bishiyar ba, leɓenta yana motsi. Na gane inuwar take aunawa.

Ta ce, "Baba, a ganinka sahu nawa za ta ɗauka yanzu?"

Baba ya taka daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo. Ya ce, "Huɗu, Hajiya. In an matsu, biyar."

Ta taɓe baki. "Huɗu? Alhaji ya samu bakwai, ni a ba ni huɗu?" Ta gyara zaman mayafinta. "To ni ba sauri nake yi ba. In Allah ya yarda zan jira ya cike."

Na ce, "Allah ya yarda, Hajiya."

Ta ce, "Amin. Mayar da ni ciki, kuma ki duba lakar can ta ƙasa, na ga ta tsage."

Na mayar da ita ɗaki, na naɗe hannun riga, na fito neman bokiti.